Wurin da Muryarsa Ta Ɓace

Mu huɗu ne a Dutse da muke son fina-finan wani ɗan wasa mutumin Miga tun muna 'yan makaranta. Bayan rasuwarsa muka ji labarin fim ɗinsa na ƙarshe, wanda aka ɗauka a cikin duwatsun garinmu amma ba a gama tacewa ba, bai kuma taɓa shiga kasuwa ba. Muka yi ta cigiya har muka sami kaset ɗin wurin wani tsohon mai ɗaukar hoto a Kafin Hausa, duk ya yi fumfuna. Ni nake goge zaren da auduga a hankali, ɗaya daga cikin abokaina yana juye shi cikin kwamfuta.

Hoton ya fito, sai dai akwai wurin da yake zaune gindin dabino yana magana, muryar kuwa ta ɓace. Muka shirya ɗora muryar wani mai iya kwaikwayonsa, amma muka ce sai mun nemi izinin matarsa.

Muka same ta a tsakar gida tana tsintar wake. Na nuna mata wurin a wayata, ta matso da ita kusa da fuskarta.

Na ce, "Inna, ko kin gane abin da yake faɗa?"

Ta yi murmushi ta ce, "Ban gane ba, ɗana. Amma haka yake sosa kunne idan magana ta kwance masa. Ku bar shi haka, kada ku sa masa bakin wani."

Haka muka bar shi. Ranar da muka haska wa mutanen Miga fim ɗin, da aka zo wurin sai kowa ya ƙura masa ido. Ita kuwa tana zaune a gaba, tana yi masa addu'a ƙasa-ƙasa.