Mai Toka Ya Miƙa Makulli

Ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa yi masa a gida ba. Yana shiga ɗakin gwaji na kamfanin siminti zai rataye hula, ya ɗaure ƙyallen hanci, ya nufi kwamin ruwa inda ƙananan bulo na gwaji suke jiƙe, kowanne da kwanan wata a jikinsa. Shekara talatin da ɗaya yana haka. Mai Toka muke ce masa, kuma da farko tsokana ce.

Bayan unguwarmu akwai tashar lantarki mai ƙona kwal. Tokar da take zubarwa ta taru har ta zama tudu. Iska na tasowa sai a rufe tukwane, a kwashe shanya, yara su yini suna tari. 'Yarsa ta fari ma sai da ta yi sati biyu a gadon asibiti.

Shi ne ya ɗebo tokar a buhu, ya dire gaban manaja, ya ce a gauraya ta cikin siminti.

"Shara za mu sayar wa mutane?" in ji manaja. "In gini ya rushe, wa za a kama?"

"Ni za a kama, ranka ya daɗe. Ba ni kwana ashirin da takwas, injin matse bulo ya raba mu."

Bulon farko ya ruguje kamar busasshen burodi, leburori suka yi ta dariya. Ko a jikinsa. Ya rage toka, ya tankaɗe ta, ya sake. Direban kamfani ya shaida mini cewa a karo na huɗu allurar injin ta wuce inda simintin da aka saba yake tsayawa. Manaja ya cire tabarau, ya goge, ya sake dubawa. Daga baya har dattin da masana'antar narka ƙarfe take zubarwa ya sa aka riƙa niƙawa ana haɗawa.

Tifa bayan tifa, cikin shekara tara aka kwashe tudun. Yanzu filin ƙwallo ne.

Mai Toka, kai ne ba ka taɓa sa hannu a kan kayan da ba ka gwada ba, ko da manyan motoci sun yi layi a ƙofa, direbobi suna ta danna oda. Mai taurin kai a kan gaskiya!

Jiya ka miƙa makulli, ka yi ritaya. Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiyar cin hutu.

Ku kuma da ya koya wa aiki, ku riƙe aikin yadda ya riƙe shi. Kada mu ji an je gida an taso tsoho.