Haboba Nafisa ta rasu ba a dawo mata da littafin babanta ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shirin fita lacca Ihlas ta kira ni. Ban gama amsa sallamarta ba ta ce, "Rukayya, Haboba ta tafi." Ta idar da sallar asuba, ta ce a ba ta ruwa, kafin a kawo Allah Ya karɓi abinsa.

Na zauna a bakin gado, na kasa ko kuka.

Waɗanda suka daɗe da ni a shafin nan sun san ta, ita ce tsohuwar da nake yawan sa hoton girkinta. Ga waɗanda ba su sani ba, Haboba Nafisa Bahaushiyar Sudan ce. Haboba kaka ke nan a bakin mutanen can. Yaƙi ne ya koro ta daga Khartoum ita da autarta Ihlas, suka kama ɗan ƙaramin gida a gefen unguwar Ma'adi, nan Alƙahira.

A metro muka haɗu, a taragon mata. Ina waya da Mamata, ina faɗa mata sanyin Alƙahira ya ishe ni, sai na ji an ja mini gefen hijabi. Wata tsohuwa ce cikin farin mayafi irin na matan Sudan. Ta ce, "Ke ɗiyar wane gari ce?" Na ce Gusau. Ta ce, "Ni ta Gumel ce, amma ban taɓa ganin Gumel ba."

Ranar na wuce tashar da zan sauka, ban ma lura ba.

Tun daga nan duk Juma'a ina gidanta. Daga unguwarmu Hay el-Sabi' sai na shiga mota zuwa Wustul Balad, wato tsakiyar gari, in kama metro. Tafiya ce mai nisa amma ban taɓa jin nisanta ba. Ba ta kirana da sunana, sai dai "bitti", wato 'yata. In na shiga, kafin gaisuwa sai ta kama hannuna ta matsa, ta ce karatu yana cinye ni, ta turo mini kisira, wainar mutanen Sudan, da miyar kuɓewa. In zan tafi ta saka mini ƙullin turaren wuta a jaka ba tare da ta faɗa ba, sai na isa gida in gani.

Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, matar nan da ƙafafunta masu kumburi ta hau bene hawa huɗu ta zo ta same ni. Ta yi wa abokan zamana faɗa tas, wai sun bar yarinya da shayi da burodi.

Sai da muka yi wata biyu da sanin juna ta fito mini da akwatin.

'Yar akwatin ƙarfe ce, fentinta duk ya goge. Ranar da suka gudu daga Khartoum ta bar keken ɗinkinta da kayan ɗakinta da komai, ita kaɗai ta ɗaura a cikinta ta rufa mayafi. A ciki akwai lambar yabo ta soja guda ɗaya, da takardar sallama, da hoton wani dogon saurayi cikin kaki wanda aka ɗauka a nan Alƙahira, da wani ɗan littafi da aka cika da rubutun ajami.

Babanta ne, Malam Garba. Ya yi Yaƙin Duniya na Biyu.

Ita ba ta iya karanta ajamin Hausa ba, 'ya'yanta ma haka. Shekara da shekaru tana riƙe da maganar babanta ba ta san me ya ce ba. Ni na yi makarantar allo, don haka ni na riƙa karanta mata, shafi biyu ko uku duk Juma'a, tana dafa mana gahawa da citta.

Malam Garba ya rubuta yadda mai garinsu ya tara samari a ƙofar gidansa, aka auna tsawonsu da faɗin ƙirjinsu, aka ware su gefe. An ce musu in Jamus ta ci yaƙi bayi za ta mayar da su. An ce in sun dawo akwai aiki, akwai girma. Ya rubuta jirgin ruwa da amai, da rairayin Masar, da yadda suka yi shekaru suna loda manyan motoci suna gadin rumbunan kaya. Wani wuri ya ce bai taɓa ganin maƙiyin da aka kawo shi dominsa ba sai fursunonin Italiya, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya koya masa gyaran takalmi.

Wata Juma'a ta tsayar da ni ina tsakiyar karatu. Ta ce, "Bitti, ke da kike karatun tarihi, me ya haɗa su faɗan nan ne tun farko?"

Na gyara zama kamar ina gaban malamin jarrabawa. Na faɗa mata yadda aka gama yaƙin farko aka ɗora wa Jamus laifi da tara, ta yi shekaru tana cin haushi. Na ce ita da Italiya da Japan sun duba sun ga Ingila da Faransa sun riga sun mamaye ƙasashen mutane, su ma suna son nasu kason. Kowa ya nemi abokan ƙawance, har ya zama in an taɓa ɗaya an taɓa goma.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Wato faɗan rabon nama ne." Na ce kusan haka. Ta ce, "To Baba fa, yana cikin masu rabon ne ko yana cikin naman?"

Na mayar da idona kan littafin na juya shafi.

Ƙarshen littafin ya fi ciwo. Da aka gama yaƙi ya koma Gumel ya tarar an daɗe da cewa ya mutu. An yi masa sadakar uku da ta arba'in, an raba gonarsa, matarsa ta gama takaba ta yi aure har da goyo. Ya sa kakinsa ya je neman aikin da aka yi musu alkawari, aka ce ya dawo gobe. Ya yi ta dawowa gobe har kakin ya koɗe. Daga nan ya ɗauki sanda ya nufi gabas da niyyar aikin hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya zauna yana gyaran takalmi. A can ya sake aure, a can aka haifi Haboba.

Burinta ɗaya ne. A nemo mata dangin babanta a Gumel, ko da jikan jika ne, a gaya musu Garba bai mutu a yaƙi ba. Ya rayu, ya haihu, yana da zuriya.

Yanzu zan faɗi abin da na yi watanni ina haɗiyewa.

Bara wani ɗan ƙasarmu ya zo Alƙahira. Dokta ne, mai bincike a kan tarihin sojojinmu, yana koyarwa a wata jami'a a Turai. Ya yi mana lacca mu ɗalibai, ya yi magana a kan yadda aka manta da kakanninmu har idonsa ya kawo ruwa. Bayan laccar ni da kaina na bi shi na ba shi labarin Haboba. Ni na kai shi gidan.

Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Ya kira ta Inna. Ya ci kisirarta ya nemi ƙari. Ya buɗe littafin a hankali. Ya ce takardar ta tsufa, hoton waya zai ɓata aikin, akwai injin sikanin na musamman a wani ofis a Ma'adi. Mako ɗaya kawai zai riƙe akwatin. Ya ce yana da mutane a Gumel, kafin azumi za ta yi waya da danginta.

Haboba ta juyo. Ni ta kalla.

Ta ce, "Bitti, kin san shi?"

Na ce, "Haboba, namu ne."

Ta miƙa masa.

Mako ya wuce, ya ce injin ya lalace, ma'alish, a yi haƙuri. Mako na biyu ya ce yana Iskandariyya. A na uku na je masaukinsa aka ce ai ya bar ƙasar tun shekaranjiya. Ya ci gaba da amsa saƙona jefi-jefi, yau ya ce zai aiko da shi ta hannun wani, gobe ya ce mutumin ya fasa tafiya. Daga baya ya daina amsawa.

Duk Juma'a in na shiga sai Haboba ta dubi hannuna kafin ta dubi fuskata. Ni kuma in ce, "Yana hanya."

Wata biyar da suka wuce wata ƙawata ta turo mini fostin ɗinsa. An buɗe wani baje-kolin tarihi a can inda yake. Ga hoton Malam Garba an ƙara masa girma ya cika bango. Ga lambar yabon a cikin gilashi, ga littafin a buɗe daidai shafin da na karanta wa Haboba sau uku saboda tana son sa. Ga Dokta tsaye a gefe cikin babbar riga. A ƙasa ya rubuta cewa wannan kakansa ne, kuma takardun gadon gidansu ne da ya tsinta a ɗakin kakarsa. Har sunan ya canja, ya liƙa masa na zuriyarsu.

Mutane suna ta yi masa Allah Ya ji ƙan kaka.

Na rubuta masa magana ɗaya a ƙarƙashin fostin ɗin. Cikin minti kaɗan ya goge ta ya yi bulokin ɗina.

Ban faɗa wa Haboba ba. Na ci gaba da cewa yana hanya. Na rage zuwa, na fara fakewa da jarrabawa, don na gaji da yi wa tsohuwa ƙarya a kan tabarmarta.

Ganina da ita na ƙarshe Juma'a biyu ke nan da suka wuce. Ihlas ce ta ce in zo, jikin ya yi nauyi. Na same ta kwance, ta rame, amma idonta tar. Ba ta dubi hannuna ba ranar. Na buɗe baki zan fara abin da na saba, ta ɗaga mini yatsa.

Ta ce, "Khalas, ya isa, bitti. Ihlas ta nuna mini a waya tuntuni. Na ga Baba a bango, an kunna masa fitila a kai. Ya yi kyau."

Ta ɗan huta, sannan ta ce, "Sai dai an canja masa jikoki."

Na kifa kaina a gefen katifarta na yi kukan da ban taɓa yi ba tun zuwana ƙasar nan. Na ce ni na cuce ta. Ta bar ni har na yi shiru. Ta ce, "Wanda ya nuna Baba aka tafi da shi ba Bature ba ne, mai garinsu ne. Wanda ya raba gonarsa wansa ne. Waɗanda suka kore ni daga gidana da su muke sallah masallaci ɗaya. Ban yi mamaki ba. Ke kuwa yarda kika yi, yarda ba laifi ba ce."

Na ce zan tona masa asiri, zan sa sunansa da hotonsa kowa ya gani. Ta ce a'a. "Yana da 'ya'ya, su za a riƙa nunawa. Bar shi da wanda ya fi mu iya shari'a."

Shafi huɗu kacal na littafin na taɓa ɗauka a wayata. Ta ce in karanta mata su. Na karanta, ta ce in maimaita. Da na gama ta kira Ihlas ta ce a zuba mini abinci, kada in tafi da yunwa.

Saboda maganarta ban kama sunanka ba, Dokta, kuma ba zan kama ba. Amma na san wannan rubutun zai iso gare ka, muna da abokai da yawa a tsakani. Matar da ka durƙusa wa ka kira Inna ta rasu yau. Ta mutu a gidan haya a ƙasar da ba tata ba, kuma abu ɗaya da ta tsira da shi daga yaƙi yana hannunka. Ka tsaya a gabanmu kana kukan an ci amanar sojojinmu, ashe kai ma layin masu cin amanar ka shiga. Ihlas tana nan, tana da 'ya'ya uku, su ne jinin mutumin da ke bangonka. Ka san gidan, ka ci abinci a cikinsa.

Jama'ar Gumel da kewaye, in akwai wanda ya taɓa jin tsofaffin gidansu suna labarin wani Garba da aka tafi da shi yaƙi, aka ce ya mutu, ya dawo, ya sake tafiya gabas ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba, don Allah ya yi mini magana ta inbos.

Kafin Ihlas ta kashe wayar ɗazu ta ce in yi sauri, mata suna jirana ba su fara komai ba. Na ce jiran me? Ta ce tun makon jiya Haboba ta bar wasiyya, in ta cika ni da Ihlas za mu yi mata wanka.

Ni da na ce wa Haboba mutumin nan namu ne.

Ina cikin metro yanzu, da ƙyar nake ganin abin da nake rubutawa. Za a yi jana'iza bayan sallar la'asar in sha Allahu.

Ya Allah Ka gafarta wa baiwarka Nafisa. Ka yalwata mata kabarinta, Ka sanyaya mata makwanci, Ka ba ta gidan da babu mai korar ta daga cikinsa. Ka haɗa ta da mahaifinta a Aljanna Firdausi. Ka ba Ihlas da 'yan uwanta haƙurin rashi. Ni kuma Ka yafe mini.

Duk wanda ya karanta har nan, don girman Allah kada ka wuce da laik kawai. Ka tsaya ka yi mata addu'a ko da kalma ɗaya ce. Ba ta da dangi da yawa a garin nan, yau mu ne danginta.