Maganin Ciwon Jikin Baba

Babana magini ne, shekara talatin yana ɗora bulo a kan bulo. A wurin aiki Ƙarfe suke kiransa, ya amsa yana wani ɗaga kafaɗa. Ba ya hawa tsani sai ya jefa maganin ciwon jiki biyu a baki, kamar kowa a wurin. Su ba su ɗauke shi magani ba, kayan aiki ne kamar cebur.

Da ciwon bayansa ya ƙi ji, na ja shi asibiti yana tsaki. Likita ta ce sankarar ɓargo ce ke cin ƙashin, amma akwai hanya: wata huɗu na allurai, sannan a tace abin da ke sake gina ɓargo daga jininsa a ajiye, a ƙone cutar da magani mai zafi, a dasa masa abinsa.

"Ba kowa ake yi wa dashen ba, Baba," in ji ta. "Sai mai ƙwarin jiki irinka. Amma kada ka sha wani magani sai ka tambaye ni."

Rabin farko na maganarta kawai ya ɗauka. Bayan sati biyu ya koma bakin aiki, wai in ya kwanta jiki zai yi laushi su fasa yi masa dashen. Mama ta yi faɗa har ta gaji. Ni kuwa daɗi na ji, ina faɗa wa 'yan uwa a waya cewa Baba ya miƙe.

A wata na uku ƙafafunsa suka kumbura. Likita ta daɗe tana kallon takardar gwaji, sannan ta ce ƙodarsa ta lalace. Cutar dama tana taɓa ƙoda, maganin ciwon jikin nan ya ƙarasa ta. Maganar dashe a ajiye ta tukuna, ba ta kuma ce zuwa yaushe ba.

"Wa ke ba ka shi?"

"Ni da kaina, likita," ya ce, bai ko kalle ni ba.

Yanzu sau uku a mako nake kai shi wankin ƙoda. Yana kwance yana kushe filastar bangon ɗakin, wai wanda ya yi ta bai iya riƙe cokalin gini ba. Ina dariya don ya ji daɗi, amma raina a ɓace yake. Duk watannin da ya koma aikin nan, kullum da safe ni yake aika kemis, kuma ni nake miƙo masa ruwan da zai haɗiye da shi.