Rabin Maki a Lyon

Karatuna bai wuce aji biyu na lakwal ba, wato makarantar boko. A Maradi ne. Na sa wa mushenmu, malamin ajinmu ke nan, ƙadangare cikin akwatin alli, ya mare ni, na fita ta taga, kuma har yau ban koma na ɗauko allona ba. Abu biyu na iya a duniya, talla da dara. Talla ta kawo ni Paris, na yi shekaru ina sayar da atamfa da turare a unguwar Barbès, jirgin metiro yana wucewa bisa kaina yana girgiza mini kwalabe. Dara kuwa ba ta taɓa kai ni ko'ina ba sai gindin itacen bedi.

Wanda bai ga darar garinmu ba, bai san surutu ba. Gurbi talatin cikin rairayi, wannan da karare, wancan da tsakuwa, mutum goma tsaye a kanku kowa yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Ana zagi, ana kirari, ana tuna maka abin kunyar da kakanka ya yi a kasuwa. Ba a tashi sai an cinye wani. A nan na yi digirina.

Auta ta zo mana bayan gemuna ya yi fari. Yayyenta duk sun kama gabansu, sai mu uku a hawa na tara a La Courneuve, ni da ita da uwarta. In na je ɗaukarta a ƙofar lakwal, matan Nasara sukan ce mata ga kakanki ya zo. Ban taɓa gyara musu ba, don abin ya yi mini daɗi. Wasan kaka na riƙa yi da ita. In sace mata nama a kwano in ce mage ce, alhali ba mu da mage. In ɓoye mata takalmi ɗaya cikin firji. Ita ma ta iya ramuwa, ta taɓa cika mini aljihun babbar riga da garin rogo ranar Juma'a.

Tana da shekara takwas aka fara koya musu darar Nasara ranar Laraba, wadda suke ce wa eshek. Mai koyarwar wani dogon Bature ne siriri, kullum da rigar sanyi mai huji a gwiwar hannu. Mushen dara nake ce masa. Auta ta so ta koya mini wasan, amma kaina ya ƙi. Cikin ƴaƴan wasan, doki kaɗai na riƙe, saboda tsallensa a karkace yake, irin tafiyar mai gudun ɗan sanda. Ta ba ni labarin da mushen ya ba su, wai a zamanin da, ƴaƴan manyan ƙasar nan sukan sa rigar ƙarfe su hau doki, su auka wa juna da dogon mashi, iyayensu na zaune a rumfa suna kallo.

"Iyayen me suke yi in an kayar da ɗansu?" na tambaye ta.

"Ba a faɗa mana ba, Baba."

"Ai ba za a faɗa ba. Gida suke tafiya su ce ɗan maƙwabta ne."

Ta yi dariya har ta ture sarkinta.

Kafin ta kai sha uku tana cin manyan maza masu sanƙo. Duk kofin da ta kawo, washegari yana Barbès, a kan kanta tsakanin kwalaben turare. Na hana mutane sakat. Wanda ya zo sayen atamfa yadi shida sai ya tafi da labarin Auta yadi goma sha biyu. Wanda ya fi shan wannan azaba maƙwabcina ne, wani Alhaji mai butik ɗin wayoyi, mutumin Kano, wanda ɗansa likita ne. Shekara da shekaru yana dukana da likitansa, ni kuma na samu sanda.

Sai aka kira babbar gasa ta yara a Lyon, ta mako guda. Mushen ya ce waɗanda suka zo kan gaba za a ɗauke su cikin ƴan wasan ƙasa, a riƙa horar da su, a fita da su waje. Auta ta manna takardar a bangon ɗakinta, ta daina cin abinci sosai. Ita da uwarta da mushen suka tafi a jirgin ƙasa. Ni na ce zan zo ranar ƙarshe, ranar ɗaukar kofi, kuma na ja Alhaji ya kai ni a motarsa don ya gani da idonsa. Na sa shadda mai aiki har ciki, wadda ban sa ba tun bikin babban ɗana.

Mun same su da hantsi a ƙofar wani babban zauren wasanni, saura rabin awa a shiga karo na ƙarshe. Uwarta ta tafi neman ruwan kwalba. Mushen ya tare ni da wata takarda cike da lambobi, yana magana da sauri yana nuna layi da biro. Faransancina na kasuwa ne, na san nawa ne, ya yi tsada, ɗan sanda na zuwa. Na riƙa gyaɗa kai ina wi, wi.

"Me yake cewa?" in ji Alhaji.

Auta ta sunkuyar da kai, yadda ɗiya take yi gaban abokin ubanta, ta ce, "Wai kunnen doki ya ishe ni, Baba Alhaji. In an ci, maki ɗaya ne, in an yi kunnen doki kowa ya samu rabi. Rabi nake nema. Wadda zan kara da ita ma rabi take nema. Sai mu shiga tare."

Alhaji ya dube ni daga hula har takalmi.

"Au. Ashe tun asuba nake ƙona mai don in zo in ga an raba ƙosai biyu. Malam, kai da ka ce mana zakanya ka haifa. Da ka faɗa mini rabi ne, ai da rabin hanya na kawo ka."

Shaddar nan ita ta cuce ni. Mutum ba ya sa irin wannan riga a yi masa dariya ya yi shiru. Na gyara tsayuwa, na buɗe murya irin ta gindin bedi.

"Ke Auta, a gidanmu ba a kunnen doki. Kakanki ɗan kokawa ne, bai taɓa barin fili ba sai bayan wani ya taɓa ƙasa." Ƙarya nake. Ubana albasa yake sayarwa, kuma ko bunsuru ya harare shi sai ya sake hanya. "In kika miƙa wa yarinyar nan hannu ba ki kayar da ita ba, ban yafe ba."

Alhaji ya fashe da dariya, ni ma na yi. Na ƙyafta wa Auta ido, irin ƙyaftawar da ta sani tun tana goye. Sai dai idonta na ƙasa. Ni na koya mata kada ta ɗaga ido gaban manya, ni ne kuma na aika mata saƙo da ido. Mushen ba ya jin Hausa, ya ga muna dariya, shi ma ya yi murmushi ya dafa kafaɗarta. Aka buga ƙararrawa ta shiga.

Ba a barin iyaye ciki. Wai kada wani ya yi wa ɗansa tari don ya ba shi satar amsa. Aka tara mu a wani dogon zaure mai kujerun roba, kowa ya yi tsit kamar gidan makoki, ni da na zo da kirari a baki. Mushen yana bin wasan a wayarsa. Tunda ban iya karanta allon ba, sai na karanta fuskarsa.

Awa ɗaya ba ta cika ba mushen ya ce komai daidai yake, yanzu za su fito. Uban ɗaya yarinyar, wani mai tumbi mai fara'a, ya sayo mini kafe a kofin takarda, ya ce yau mu biyu za mu yi murna. Na sha. Ba su fito ba.

Awa biyu. Mushen ya daina zama. Awa uku, ya fara magana shi kaɗai. Mai tumbi ya zo ya tambaye shi wani abu, mushen ya ɗaga kafaɗa. Uwar Auta tana jan carbi, ta ce mini, "Malam, lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, ɗiyata tana wasa da yarinyar ne kamar mage da ɓera. Har lokacin ban gane ba. Ina so in ce gabana ya faɗi tun da wuri, amma a gaskiya ina can ina lissafin inda zan ajiye kofin a kanta.

Can sai mushen ya dafe kai da hannu biyu. Ya ce ta jefa dokinta cikin wuta, babu dalili, babu abin da za ta samu. Ya zauna a ƙasa, dogon mutum, ya jingina da bango.

Da suka fito, ɗiyar mai tumbi ce take kuka, ita da ta ci. Tana gaya wa ubanta cewa sau uku ta yi tayin kunnen doki, sau uku aka ƙi. Auta ba ta yi kuka ba. Ta zo riƙe da takardar wasanta, ta tsaya gabanmu. Mushen ya tambaye ta dalili, a hankali, har sau biyu. Ta amsa da Faransanci, kuma wannan karon na ji kowace kalma.

"Babana ne ya hana."

Ƴan duwan na bakin iyaka sun dube ni a rayuwa, ƴan sanda sun dube ni, masu ba da takardar zama sun dube ni ta bayan gilashi. Ba wanda ya taɓa dubana yadda Baturen nan mai hujajjiyar riga ya dube ni.

"Auta, ai wasa nake," na ce.

"Ka ce ba ka yafe ba, Baba."

"Wasa ne. Ba ki san ni ba?"

"Gaban Baba Alhaji ka faɗa."

Na waiwaya neman Alhaji ya ba da shaida. Ya tafi duba ko an sa wa motarsa takardar tara.

Uwarta ta tambayi abin da ya faru, Auta ta faɗa mata cikin kalmomi kaɗan. Matar nan ba ta ɗaga murya ba. Ta matso kusa da kunnena ta ce, "Ka daɗe kana wasan kaka har ka manta kai ka haife ta. Kaka ya ce bai yafe ba, a yi dariya. Uba fa? Da me kake so ta je lahira?"

Duka muka dawo a motar Alhaji. Da la'asar muka tsaya sallah a wani wurin shan mai a bakin babbar hanya. Na samu Auta zaune a kan dakalin siminti, tana kallon manyan kamiyo suna wucewa. Na zauna kusa da ita, shaddar tana ta ƙara kamar takarda.

"Na yafe miki, duniya da lahira," na ce.

"Ai ban yi kunnen dokin ba, Baba. Babu abin yafewa."

Ba da fushi ta faɗa ba. Da ta yi fushi da na samu abin kamawa.

Ta je wurin darar sau biyu bayan haka, sannan ta daina. Mushen ya hawo hawa tara da ƙafa, don asansar ɗinmu ta lalace, ya zauna yana haki, ya ce shekara mai zuwa akwai wata gasar, yarinya irin wannan ba kullum ake samu ba. Ta kawo masa shayi, ta gode, ta ce karatu ya yi yawa. Da ya tafi na ce mata ta koma mana. Ta tsaya da tire a hannu ta ce, "Umarni ne, Baba?" Na san in na ce i za ta koma, ta zauna gaban allon kamar an dasa ta. Na ɗauki kofin da mushen ya bari na ɗora mata a tiren.

Alhaji har yau yana ba da labarin a Barbès, yana kwaikwayon muryata, ana dariya. Wurin ƙosai da rabin hanya ne kawai yake tsallakewa. Ban ga laifinsa sosai ba. Shi ya kawo ashana, amma bukkar tawa ce, kuma ni na ƙyasta.

Yanzu Auta babbar mace ce, tana aiki a wani buro a Bobigny. Ita take cika mini takardun ritaya, ita take raka ni wurin likita, ita ta san sunan kowace ƙwaya da nake haɗiya. Kowace Lahadi tana zuwa, ta durƙusa ta gaishe ni, gaisuwa cikakkiya ba tsallake. Mutane suna ce mini na yi sa'ar ɗiya mai biyayya, ni kuma ina cewa alhamdu lillahi.

Lahadin da ta wuce ta haɗa mini shayi ba sukari, yadda likita ya ce. Na kurɓa, na yamutsa fuska, na ce, "Ke dai so kike ki kashe ni ki gaji tabarmata. In ba ki sa mini cokali uku ba, kada ki sake zuwa gidan nan."

Ta tsaya, hannunta a kan murfin gwangwanin sukari.

"Baba, da gaske kake ko wasa?"

"Wasa nake, Auta."

"To," ta ce. Ta mayar da gwangwanin cikin kabad, ta zauna ta ci gaba da jera mini magungunan mako. Na shanye shayin haka nan.