Kakin Aro

Shekarar da tari ya kama ni, ƙaiƙayin gero na ɗora wa laifi. Na sha citta da kanumfari da masoro har harshena ya daina gane gishiri. Na lashi zuma da tafarnuwa, na yi surace da ganyen turare. Wani a kasuwar Tsanyawa ya sayar mini da sassaƙen da har yau ban san uwar bishiyarsa ba. Tari ko gezau. Da kaki ya fara zuwa da jini, babban ɗana ya ɗora ni a babur sai asibiti. Suka ce tarin tibi ne, ƙwaya wata shida.

Ba ciwon ne ya fi ƙona mini rai ba, rabuwa da ciyayya ne. A unguwarmu bayan magariba kowane magidanci fito da tuwonsa yake ƙofar gida, a haɗu a ci. Tun ina ango hannuna ke yawo a akusan mutane, sai ga ni a zaure da kwanona ni kaɗai, ina jiyo dariyarsu. Ɗana ya rantse ba zan koma ba sai asibiti sun ce kakina ya wanke.

Ƙwayar kuwa fitsari take mayarwa ja kamar zoɓo. Sati uku na sha, tari ya lafa, na riƙa cusa sauran a jinkar rumbu. Ni ga mai wayo.

Da wata biyu ya cika aka ba ni 'yar kwalba in kawo kaki. Na san nawa zai tona mini asiri, sai na nufi taubashina, wanda kullum yake 'yan tare-tare muna cewa taba ce.

"Kai bawana, tofa mini a nan."

"Tsohon banza, yau kuma kaki kake roƙo?"

Ya tofa yana dariya.

Da na koma jin sakamako, malamar asibiti ta dube ni ta ce, "Baba, ciwon na nan daram. Kana shan maganin kuwa?"

Kakin ai ba nawa ba ne. Ciwon wa?

Kwana biyu na kasa cin tuwo, ina jin taubashina yana tari a tsakiyar jama'a. Rana ta uku na koma na faɗi gaskiya. Malamar ta yi salati, ta wanke ni tas a gaban matan da suka zo awo. Aka kira taubashin nawa aka gwada shi, aka ɗora shi a kan magani. Aka gwada nawa na ainihi, shi ma ciwon na nan, aka maida ni farko.

Abin haushin, shi bai yi fashin ko ƙwaya ɗaya ba. Wata biyu kakinsa ya wanke, ya koma ciyayya. Nawa ya ƙi, sai da na ƙara wata guda a zaure, ina ji yana ɗaga murya don ni: "Jama'a, a miƙa wa mai aron kaki ƙanzo!"