Gorar da Na Goge Daga Waƙar Kaka

Duk sanda na ji ƙamshin sabon man shanu, Kaka nake tunawa. Ta daɗe da barin ruga ta zauna a gidanmu na Bauchi, amma ba ta taɓa yarda da man kasuwa ba. Da hantsi za ta miƙe ƙafa a inuwa, ta zuba nono a gora, tana jijjigawa tana waƙa da Fulatanci, tana kiran shanun mahaifinta ɗaya bayan ɗaya. Mu jikoki ko rabi ba ma ganewa, man kawai muke jira.

Wata damina Kawu, ƙanen Inna, ya zo da rediyo mai kaset zai ɗauki muryarta. Ya kori kaji, ya kore mu, ya ce ta ajiye gorar tana cika masa kunne. Kaka ta ajiye, ta buɗe baki, waƙa ta ƙi zuwa.

"Kai yaro, ba ni gorata," in ji ta. Haka ya ɗauka yana tsaki.

Kaset ɗin nan kaɗai ya rage mana na muryarta. Bara da Inna ta kwanta ciwo, ta ce tana son jin mahaifiyarta. Ni da karambani na ce zan gyara sautin kaset ɗin da kaina. Na juye shi a kwamfuta, na yi ta danna wurin share hayaniya har sautin ya fito fes. Inna ta ɗan saurara, ta juya fuska bango.

"Wannan ba ita ba ce."

Washegari na hau keke zuwa wani situdiyo kusa da kasuwar Muda Lawal. Mai gyaran sautin, wani dattijo, ya nemi asalin kaset ɗin. Allah ya rufa min asiri ban yar da shi ba. Ya saurari duka biyun, ya girgiza kai.

"Hajiya, kiɗanta kika goge. Da shi take jan numfashi."

Kwana uku ya yi yana rage ƙarar tsufan kaset, ya bar gorar yadda take. Da na kunna wa Inna, hannunta ya fara kai-komo a kan bargo, bakinta na bin waƙar. Na zauna a ƙasa na yi kukan daɗi.

Yanzu kowane yaro a gidanmu yana da abin gyaran murya a wayarsa, ba na kuma hana su. Sai dai kaset ɗin yana kulle a akwati, babu mai taɓa shi, har da ni.