Fayil Ɗin da Dakta Garzali Ya Kulle a Durowa

Ƙawata Yelwa, ajiye tsintar shinkafar nan ki zo ki ji. Ku ma masu leƙa shafin nan, ku matso kusa.

Wata rana, a wata jami'a da ba zan kama sunanta ba, an yi wani malami. Mu kira shi Dakta Garzali, shugaban sashen koyar da aikin gona.

Bawan Allahn nan bai taɓa karɓar na goro a hannun ɗalibi ba. Bai taɓa tsare 'yar mutane a ofis ba. Sahun farko ba ya wuce shi.

Ciwonsa guda ɗaya ne tak: kunnensa ba ya ɗaukar a yabi wani a gabansa.

A sashen akwai Dakta Lubabatu. Ɗalibarsa ce tun tana ajin farko, shi ya duba mata aikin digirinta na uku, kan yadda manomi zai adana wake ba tare da ya zuba masa guba ba. Da ta gama aka ɗauke ta koyarwa, aka ba ta ofis jikin nasa.

Bango ɗaya ne tsakaninsu, shi ma na katako.

Dariyar ɗalibai, yana ji. "Allah Ya saka da alheri, Malama," yana ji. Ƙofarta cike kamar gidan suna, tasa kuwa sai mai neman sa hannu, shi ma a tsaye yake ƙafa ɗaya a waje.

Ranar da gidan rediyo ya yi hira da ita kan waken nan, matarsa ta ƙure muryar rediyon tana murna, wai ga 'yarsu a rediyo. Ya tsame hannu daga tuwo, ya ce ya ƙoshi.

A ransa kuwa cewa yake: ni fa na koya mata riƙon biro.

Tun daga nan, in ta gaishe shi sai ya amsa da hanci.

Sai ga lokacin ƙarin girma ya zo. Ni da na koyi haɗa baƙi a littattafan yarana, sai da aka maimaita min ƙa'idar sau biyu kafin na gane. Sau ɗaya ake yi a shekara. Kowane malami ya haɗa takardun binciken da aka wallafa masa, ya kai wa shugaban sashe, shi kuma ya tura sama kafin ranar rufewa. Wanda ya makara, sai baɗi.

Shi ma Dakta Garzali yana nema, kujerar farfesa. Kuma shi ba shi da baɗi. Shekarunsa sun kai gaɓa: in ya zama farfesa a ƙara masa shekara biyar, in bai zama ba ya tattara ya tafi gida.

Lubabatu ta shigo da nata fayil ɗin, ta rusuna, ta miƙa da hannu biyu. Ta fara cewa akwai wata takarda a sama da take so ya duba.

Bai ɗago kai ba. Ya nuna mata gefen tebur da bakin biro, ya ce ya san aikinsa tun kafin a yaye ta.

Kin san kunyar ɗalibi da malami. Ta haɗiye sauran maganar ta fita.

Ya dubi fayil ɗin. Kauri gare shi, har igiyar da ƙyar ta ɗaure.

Sai ya shiga lissafi a ransa. Wato a takarda ɗaya za a fitar da sunansa da nata? A yi musu barka a rana ɗaya?

Ya ja durowar ƙasa, ya jefa, ya murza makulli. Ko buɗewa bai yi ba.

Ya ce wa kansa ai yarinya ce, shekara ɗaya ba za ta kashe ta ba. Daga nan ya tafi sallar azahar.

Ranar rufewa ta zo ta wuce.

Bayan wata biyu sakamako ya sauko. Kwamiti ya ƙi amincewa da ɗaya daga cikin takardunsa, saboda haka adadin da ake buƙata bai cika ba.

Saura takarda ɗaya, Yelwa. Ɗaya.

Yana zaune ya haɗa kai da gwiwa, sai ga sallamar Lubabatu. Ita ma ba ta ga sunanta ba, amma ba wannan ya kawo ta ba.

"Malam, yaya za a ce bai cika ba? Wadda na kawo maka fa, ba su ƙirga ba?"

"Wacce?"

"Ta aikin wakenmu. An wallafa, sunanka ne ma a gaba. Ita na ɗora a saman fayil ɗina, don kana buɗewa ka fara cin karo da ita."



Ta dubi fuskarsa. Ta bi idonsa da kallo har zuwa durowar ƙasa.

Ta ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ta ja masa ƙofa a hankali.

Ya buɗe durowar. Ga takardar nan a sama, sunansa ɓaro-ɓaro. An maƙala wata 'yar ƙaramar wasiƙa da rubutun da ya sani tun tana ajin farko:

"Malam, ga tukuicin karatu. Ka sa a naka fayil ɗin. Allah Ya nuna mana ranar da za mu kira ka Farfesa."

Wata biyu da rabi yana zaune, gwiwarsa na gogar durowar da ya kulle arzikinsa a ciki.

Da shekara ta zagayo, Lubabatu ta samu nata. Jinkiri kawai ta yi.

Shi kuwa aka yi masa walimar bankwana yana Dakta. Ita ta dafa abincin taron. Da aka ba ta lasifika ta ce duk abin da ta sani shi ya koya mata. Jama'a suka yi ta tafi.

Karon farko ke nan da aka yabe shi a bainar jama'a ya kasa ɗaga kai.

Darasi:

Ba sai mutum ya yi sata ko ya ci hanci zai ci amanar aiki ba. Hali ɗaya da ka bari bai ga tarbiyya ba ya isa ya murza makulli. Boko yana cika kai, amma wankin zuciya aikin mai ita ne. Kuma sau da yawa ƙofar da ka rufe wa wani, naka rabon yana bayanta.

Allah Ka wanke mana zukata, Ka sa mu iya jin alherin wani mu ce masha Allah har cikin rai.

Ku tura wa wasu, wataƙila akwai mai fayil a durowa yanzu haka, kuma ranar rufewa ba ta yi ba tukuna.

Ke kuma Yelwa, na san kin gane mutumin, tun da layinku ɗaya da ƙanwar matarsa. Don girman Allah ki bar shi a cikinki, ko maigidanki kar ya ji. Dattijo ne, kuma ya je har gida ya nemi gafarar Lubabatu.